Ƙaurar Ayyukan Fasaha Zuwa Ƙetare Da Makomar Ma'aikata Da 'Yan Kasuwar Agege

IKKO — A ƙarshen shekarar 2016 ne jaridun ƙasar nan suka ba da labarin cewa kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin, wanda ke kula wa kamfanonin wayar tafi-da-gidanka da na'urorinsu, ya sallami ma'aikata kimanin 160 daga sashensa na sa ido a kan layukan sadarwa a Nijeriya, ya kuma mayar da aikin nasu ƙasar Indiya. Ƙarafan sabis ɗin da waɗannan ma'aikata ke lura da su suna nan tsaye a inda aka kafa su, tun daga Ikko har Sakkwato, masu waya kuma sun ci gaba da kira da amsawa kamar yadda suka saba. Abin da ya tashi shi ne kujerar da injiniya ke zama a kanta, tare da albashin da yake karɓa a ƙarshen wata.

Mutum 160 ba su taka kara sun karya ba a birnin da ke ɗauke da miliyoyin jama'a. Sai dai kuma duk wanda ya san yadda kuɗi ke zagayawa a Ikko ya san cewa albashin ma'aikaci ba ya kwana a aljihunsa. Yakan ratsa ta hannun mai gidan haya da mai tireda da mahauci da ɗan canji da maigadin ƙofa da mai shayin bakin titi, kuma da yawa daga cikin masu waɗannan sana'o'i Hausawa ne mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende. Saboda haka batun kai ayyukan fasaha ƙetare, wanda ake yi wa kallon matsalar masu digiri kaɗai, ya shafi ciniki a zangon Hausawa, ya kuma shafi irin aikin da 'ya'yan zangon za su samu idan sun gama makaranta.

Agege Da Albashin Ikeja

Goro da jirgin ƙasa ne suka zaunar da Hausawa a Agege. Hanyar jirgin da ta tashi daga Ikko ta isa Ibadan a 1901 ta cikin garin ta ratsa, sannan dogo ya isa Kano a 1911. Daga nan fatake suka riƙa saukowa da shanu suna komawa da goron da ake nomawa a gonakin yankin, har zango ya kafu, da Sarkin Hausawansa da masallatansa da makarantunsa na allo. Har yanzu babbar mayankar Oko-Oba, wadda ke ba birnin nama, tana cikin wannan yanki.

Amma cinikin yau da kullum na unguwar ya daɗe da rataya a wuyan maƙwabciyarta Ikeja, wadda ta cika da masana'antu bayan samun mulkin kai, ta kuma zama hedkwatar Jihar Legas a 1976. Ma'aikacin da ba zai iya biyan haya a Ikeja ba yakan gangaro Agege ko Ogba, a nan yake sayen nama da shinkafa da albasa, a nan kuma yake cin bashi idan wata ya yi nisa.

Wannan dangantaka ta sha girgiza a baya. Kamfanin Dunlop da ke kan titin Oba Akran a Ikeja ya daina ƙera tayoyi a 2008, shekara guda bayan Michelin ya rufe tasa masana'antar a Fatakwal. Mutanen Arewa kuwa ba sa bukatar a ba su labari, domin sun ga abin da ya sami unguwar Kakuri a Kaduna bayan masaƙar KTL ta tsaya a 2002, ta UNTL kuma ta bi sahu a 2007. Bambancin shi ne, idan masana'anta ta rufe kowa yana ganin kwaɗo a ƙofa, hayaƙi ya ɗauke, ma'aikata sun taru suna zanga-zanga. Aikin kwamfuta shi kuwa cikin shiru yake tashi, ginin yana nan, tambarin kamfanin yana nan, sai dai mai abinci ta lura cewa masu zuwa cin na rana sun ragu.

Yadda Ayyukan Suka Samu

A watan Janairun 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka a kan dalar Amurka miliyan 285 kowane ɗaya. Kafin wannan lokaci layukan tarho da kamfanin NITEL ke riƙe da su a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, Globacom ya biyo baya a 2003, Etisalat kuma a 2008. Ya zuwa 2020 layukan sun haura miliyan 200.

Wannan bunƙasa ta haifar da ayyuka hawa-hawa. A sama akwai injiniyoyi masu tsara layi da masu rubuta manhajar kwamfuta da masu lura da na'urori dare da rana. A tsakiya akwai dubban matasa masu amsa kiran jama'a a cibiyoyin sauraron koke. A ƙasa kuma akwai masu hawa ƙarfen sabis, da masu kai wa injin wuta man gas, da masu gadinsa, da masu sayar da kati, da masu gyaran waya irin waɗanda suka cika kasuwar nan ta Computer Village da ke Ikeja. A wannan hawa na ƙasa ne akasarin 'yan Arewa mazauna Ikko suka samu gurbi, yayin da 'ya'yansu da suka yi boko suka fara leƙa hawa na tsakiya, musamman da yake manyan kamfanonin waya suna ba mai kira zaɓin ya yi magana da Hausa.

Jinga, Sannan Ƙetare

Ƙaurar aiki takan zo ne a mataki biyu. Na farko shi ne jinga, wato kamfani ya cire wani sashe na aikinsa ya miƙa wa ɗan kwangila, kamar yadda manomi ke ba da noman gonarsa a kan kuɗin da aka yanke. Daga wannan rana ma'aikacin yana sanye da rigar kamfanin, yana amsa waya da sunan kamfanin, amma a takarda shi ma'aikacin ɗan kwangila ne. Mataki na biyu shi ne ɗan kwangilar ya duba inda aikin zai fi yi masa araha a duniya, ya kai shi can.

Ƙasar Indiya ce ta fi kowa cin moriyar wannan tsari. Kamfanoninta irin su TCS da aka kafa a 1968 da Infosys da aka kafa a 1981 sun samu sarari ne bayan gwamnatin ƙasar ta sassauta dokokin tattalin arziki a 1991, sannan suka yi suna a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamfanonin Amurka da Turai ke rige-rigen gyara kwamfutocinsu don gudun matsalar lissafin kwanan wata ta shekarar 2000. Ya zuwa 2023 wannan fanni yana ɗauke da ma'aikata fiye da miliyan 5 a Indiya.

Nijeriya ba ta shiga wannan kasuwa sosai ba sai da wayoyin ƙarƙashin teku suka yawaita. Bayan SAT-3 wadda ta daɗe ita kaɗai, an jawo MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, sannan Equiano ta kamfanin Google ta sauka Ikko a 2022. An yi murna da su domin sun rage tsadar intanet, kuma murnar tana kan hanya. Amma waya ba ta zaɓen inda kaya za su nufa. Da zarar saƙo ya iya zuwa Indiya ya dawo cikin ƙiftawar ido, to injiniyan da ke zaune a can zai iya ganin cewa wani ƙarfen sabis a Agege ya daina aiki a daidai lokacin da na Ikeja zai gani.

Araha ta ƙwadago ba ita kaɗai ce dalili ba. Kamfani irin Ericsson yana da manyan cibiyoyi a ƙasashe kamar Indiya da Romaniya da Mekziko, inda ɗaki guda ke lura da layukan ƙasashe da dama a lokaci ɗaya, ana raba kuɗin tafiyar da shi a kan masu hulɗa masu yawa. Ɗakin da ke Ikko kuwa Nijeriya kaɗai yake yi wa aiki, ga shi dole a ajiye masa injin wuta da man da zai sha saboda rashin tabbas na lantarki. Idan akawu ya ɗora lissafin biyu a kan sikeli, ba wuya a gane inda zai rinjaya.

Rikicin Shekarar 2011

Misalin da ya fi tayar da ƙura a kan matakin jinga shi ne na kamfanin Airtel. A watan Yunin 2010 ne kamfanin Bharti Airtel na Indiya ya kammala sayen rassan Zain a ƙasashen Afirka 15, ciki har da Nijeriya da Nijar, a kan dala biliyan 10.7. Kafin wannan suna, layin ya ɗauki sunaye irin su Econet da Vmobile da Celtel da Zain a Nijeriya. Sabon mai kamfanin ya zo da tsarin da ya yi fice da shi a gida, wato ya riƙe suna da masu hulɗa, ya ba da sauran aiki jinga. A cikin wannan shekara ya miƙa harkar kwamfutocinsa ga IBM, ya kuma raba aikin amsa kira tsakanin IBM da kamfanonin Tech Mahindra da Spanco na Indiya.

A ƙarshen watan Satumban 2011 rikici ya ɓarke a kan makomar masu amsa kira, waɗanda jaridu suka ce sun kai kimanin 3,000. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Abdulwaheed Omar, ta yi wa ofisoshin kamfanin ƙawanya. Kamfanin ya kare kansa da cewa bai kori ma'aikacinsa ba, domin mutanen ma'aikatan 'yan kwangila ne waɗanda wa'adin kwangilarsu ya cika. Wannan amsa ita ce darasin da ke cikin lamarin gaba ɗaya, domin ta nuna cewa tun ranar da aka ba da jinga, ma'aikaci ya rasa wanda zai riƙe idan ta ɓaci.

Aikin amsa kira bai bar ƙasar gaba ɗaya ba, amma wani kaso mai yawa ya bar Ikko. Kamfanin iSON, wanda ya karɓi irin wannan jinga daga manyan kamfanonin waya, ya kafa cibiyoyi a garuruwa irin su Ibadan da Ilorin, inda haya da albashi suka fi sauƙi. Ga mai tireda a Agege, ko aikin ya koma Ibadan ko ya koma Indiya duk ɗaya ne, tunda mai sayen ya tafi.

Abin Da Ke Tafiya Da Abin Da Ke Zama

Idan aka duba waɗannan misalai za a ga ƙa'ida guda. Duk aikin da za a iya kammala shi a gaban kwamfuta a tura ta waya, yana iya ƙaura. Aikin da ke bukatar hannu ya taɓa ƙarfe, ko ƙafa ta taka wurin, shi ne ke zama. Ba za a hau ƙarfen sabis na Agege daga Indiya ba, ba za a zuba wa injinsa mai daga can ba, haka kuma ba za a canza gilashin wayar da ta faɗi ba.

A fuska ɗaya wannan ya zama kariya ga masu sana'ar hannu, ciki har da matasan Arewa masu gyaran waya da masu cinikin kuɗi da na'urar POS. A ɗaya fuskar kuwa akwai hasara wadda ba ta fitowa a lissafin ranar sallama. Ɗakin lura da layi makaranta ce, a cikinsa ne injiniyan da ya fito jami'a yake koyon yadda tsarin ke aiki gaba ɗayansa, har ya zama babba. Idan aka ɗauke wannan ɗaki, an cire matakalar tsakiya daga tsani. Yaron da mahaifinsa ya tara kuɗin goro ko na shanu ya kai shi jami'a zai dawo ya tarar da aikin fili kawai, wanda galibi a hannun ƙananan 'yan kwangila yake, wa'adinsa gajere, albashinsa kaɗan.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi kowane ɗan kasuwa kai tsaye. Ranar 14 ga watan Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, bankunan Nijeriya kuma suka riƙa ba masu ajiya haƙuri saboda tura kuɗi ya gagara. Wannan rana ta tuna wa jama'a cewa gwargwadon yadda ayyuka da ma'ajiyar bayanai suka yi nisa da gida, gwargwadon yadda cinikin kasuwar shanu ke rataye da wata igiya da ke kwance a ƙasan teku.

Har Aikin Hausa Ya Yi Ƙaura

An daɗe ana ɗauka cewa harshe garkuwa ne, tunda Ba'indiye ba zai amsa koken Bakatsine da Hausa ba. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma abin da ya faru a Kenya ya nuna iyakarta. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya ba wani kamfani mai suna Sama jingar tace abubuwan da jama'a ke wallafawa da harsunan Afirka, ciki har da Hausa. A birnin Nairobi aka kafa cibiyar, can kuma aka kai 'yan Nijeriya masu jin Hausa suka yi aikin. A watan Janairun 2023 Sama ya ba da sanarwar zai bar wannan aiki, lamarin da ya shafi masu tacewa kimanin 260, kuma fiye da 180 daga cikinsu sun kai ƙara kotun Kenya.

Ma'anar wannan ita ce, ko aikin da ba mai iya yin sa sai Bahaushe, ba dole ne a yi shi a ƙasar Hausa ko a zangon Hausawa ba. Yana zuwa ne inda aka tanadi ofis da wuta da intanet da ɗan kwangilar da manyan kamfanoni suka sani. Daɗin daɗawa, na'urori masu amsa tambaya da kansu sun fara cin wani ɓangare na aikin sauraron koke. Tun a 2018 bankin UBA ya fito da irin wannan na'ura mai suna Leo, wasu bankuna da kamfanonin waya kuma suka bi.

Aikin Da Ke Shigowa

Wayar da ta fitar da aiki ita ce kuma ke shigo da wani. Kamfanin Andela da aka kafa a Ikko a 2014 ya ginu ne a kan horar da matasa rubuta manhaja, sannan ya haɗa su da kamfanonin Amurka su yi musu aiki daga nan gida. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da mai ɗakinsa ta jagoranci zuba masa jarin dala miliyan 24. Sai dai a watan Satumban 2019 kamfanin ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, bisa hujjar cewa masu ba da aiki sun fi bukatar ƙwararru, sannan a 2020 ya rufe ofisoshinsa ya koma aiki daga gida.

Haka nan kamfanin Microsoft ya ba da sanarwa a 2019 cewa zai kashe dala miliyan 100 cikin shekara biyar a kan cibiyoyin injiniyoyi biyu, ɗaya a Nairobi ɗaya a Ikko. A watan Mayun 2024 ya rufe ta Ikko ya bar ta Nairobi. Wato aikin da ya shigo ta waya baƙo ne, ranar da lissafi ya juya zai ɗauki jakarsa.

Duk da haka akwai misalin da ya kamata attajiran Arewa su duba da kyau. A 2013 wata 'yar kasuwa, Amal Hassan, ta kafa kamfanin Outsource Global, wanda ya buɗe cibiyoyi a Abuja da Kaduna, inda matasa ke amsa kira da yin ayyukan ofis wa kamfanonin ƙasashen waje, ana biyan kamfanin da kuɗin ƙetare. Nijeriya tana da abubuwan da irin wannan kasuwa ke nema. Matasanta suna jin Turanci, agogonta bai wuce sa'a guda tsakaninsa da na Ingila ba, alhali Indiya tana gaban Nijeriya da sa'a huɗu da rabi. Faɗuwar darajar naira ma, wadda ta tashi daga kimanin 460 a kan dala a farashin gwamnati a farkon watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024, ta sa ƙwadagon ɗan Nijeriya ya yi araha ga mai biya da dala, ko da yake ita ce kuma ta tsawwala farashin kwamfuta da duk wani kayan aiki da ake shigowa da shi.

Babban cikas shi ne wuta. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu samun wuta sa'a 20 a rana daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Wanda ke unguwar da ba ta cikin wannan rukuni kuwa, sai ya dogara da janareta ko hasken rana kafin ya yi alkawarin aiki da wani kamfani a Landan.

Inda Doka Ta Tsaya

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki matakai a lokuta daban-daban. A 2013 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin fifita 'yan ƙasa da kayan cikin gida a harkar fasahar sadarwa. A watan Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umurni mai lamba 5, wanda ya hana ba da biza ga baƙin ma'aikata idan akwai 'yan ƙasa masu irin ƙwarewarsu. A watan Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙin ma'aikata, na dala 15,000 a kan darekta da dala 10,000 a kan sauran ma'aikata a shekara, amma aka dakatar da shi a watan Maris bayan koken 'yan kasuwa.

Akasarin waɗannan matakai suna tsaron ƙofar filin jirgin sama ne, alhali aikin da aka kai ƙetare ba ya neman biza. Injiniyan da ke lura da layin Nijeriya daga Indiya bai taɓa tsayawa gaban jami'in shige da fice ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan 'yan ƙasa waje, ita ce ta fi kusa da taɓa ainihin hanyar da aikin ke bi.

Ita kuwa dokar ƙwadago ta ƙasa, wadda asalinta na 1974 ne, ta tanadi cewa idan za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a fara da wanda ya zo ƙarshe, a kuma tattauna haƙƙin sallama. Amma a ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci ta cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwararru. Don haka injiniyan kwamfuta ba shi da madogara sai takardar da ya sa wa hannu ranar ɗaukarsa aiki, da kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa idan yana da halin zuwa.

A ɓangaren jawo aiki, Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasaha, sannan a watan Maris na 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da wani shiri a Gombe na jawo ayyukan jinga daga ƙasashen waje.

Abin Da Ya Rage Wa Mutanen Zango

Hausawan Agege suna da jari guda wanda ba a cika lissafa shi ba. Yaron da aka haifa a zango yakan tashi da Hausa a gida, da Yarabanci a titi, da Turanci a makaranta, ga kuma Larabcin Islamiyya. Kamfanin waya ko banki ko asibitin da ke son ya yi magana da Kano da Ibadan da Maraɗi a lokaci guda, irin wannan yaro yake nema. Bugu da ƙari, jirgin ƙasa na cikin gari da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2024, wanda ke tsayawa a Agege da Ikeja, ya ƙara kusantar da unguwar ga ofisoshin birnin. Wannan yana da muhimmanci ganin cewa hana acaɓa da gwamnatin jihar ta yi a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar a watan Yunin 2022 ya toshe wa dubban matasan Arewa hanyar abinci.

Abin da misalin Nairobi ya nuna shi ne harshe kaɗai ba ya jawo aiki, sai an haɗa shi da iya kwamfuta da wurin da za a zauna a yi aikin. Wannan kuwa ba ya fi ƙarfin 'yan kasuwar da ke cika tirela da shanu ko goro a kowane mako. Ɗaki mai kujeru ashirin ko talatin, da wutar hasken rana, da layin intanet mai ƙarfi, ya isa a fara horar da matasa, ya kuma isa a nemi ƙaramar jingar amsa kira ko fassara ko shigar da bayanai daga kamfanonin da ke Ikeja. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da fadar Sarkin Hausawa suna da tsarin tara kuɗi don masallaci da makaranta, wanda za a iya faɗaɗa shi ya haɗa da wannan.

Ga iyayen da ke biyan kuɗin karatu, yana da kyau su tambayi irin aikin da ɗansu ke koyo, ko na tura wa ta waya ne kaɗai ko yana haɗe da aikin fili kamar shimfiɗa wayar intanet da haɗa wutar hasken rana da gyaran na'ura, domin wanda ya haɗa biyun ya fi wuyar maye gurbi. Ga matashin da aka ba takardar ɗaukar aiki, ya duba sunan wanda ya ɗauke shi, ko kamfanin ne ko ɗan kwangilarsa, da wa'adin da aka rubuta, da abin da aka ce za a ba shi ranar sallama. Ga mai tireda da mahauci kuma, waɗanda littafin bashinsu ya cika da sunayen ma'aikatan kamfani guda, hikimar fatake ta dā tana nan da amfaninta, wato ba a ɗora wa jaki ɗaya dukan kaya.

Kakannin mutanen Agege sun zauna a wurin ne domin sun gane cewa dogo ya sauya hanyar fatauci, suka kafa zango a bakin tasha kafin wasu su farga. Hanyar da ciniki ke bi a yanzu ta sauka ne daga teku a gaɓar Ikko, tafiyar ƙasa da yini guda daga ƙofar gidajensu, kuma ya rage ga shugabanni da attajiran zangon su yanke shawarar ko za su zuba jari a bakinta.